Golmon Mamata

A gidanmu ni ake tambaya idan an manta shekarar da wani ya rasu ko ranar da aka yi bikin wance, domin tun ina aji biyu na sakandare nake rubuta irin waɗannan abubuwa a wani tsohon littafi. Shafin da ya fi kowanne cika shi ne na kakana na wajen uba, Baba Sila. Wani abin na gani da idona, wani kuma daga bakinsa na ji ko daga bakin mamata.

A Manga aka haife shi, shi ma bai san shekarar ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, an feƙe masa haƙoran gaba tun yana saurayi, kamar yadda ake yi wa mutanenmu a da. Kafin a ba shi kakata sai da ya yi golmo. Ga wanda bai sani ba, golmo a wurinmu Lelna shi ne noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da yake so, shi da tsaransa, damina bakwai a jere. Sai ya cika ake cewa ya isa ya riƙe mata. Bayan nan ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya yi ta yawon bariki, har aka tura shi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan. Da muƙamin sajan ya dawo Zuru, ya koma gona kamar bai taɓa barinta ba.

Ba mai yawan labarin yaƙi ba ne. Labari biyu kawai yake maimaitawa, kuma babu harbi a cikinsu. Na farko a Labanan ne, inda wani sojan Turawa ya miƙa masa shayi a kofi, da ya shanye ya mayar, sai Baturen ya jefa kofin cikin shara a gabansa. Na biyu a Sakkwato, yana matashi, wata mai tuwo ta dubi haƙoransa ta ɗauko wani kwano mai tsatsa daga ƙarƙashin benci, wanda ta ajiye don arna, ta zuba masa a ciki. Yara kuma suka bi shi suna cewa ga mai cin mutane. Tun daga ranar, in ji shi, ya yi wa kansa alkawari ba zai taɓa duƙawa a gonar Bahaushe ba, ko yunwa za ta kashe shi. Yana gaisawa da su, yana ciniki da su, amma wannan alkawarin yana nan.

Babana Francis shi ne ɗansa na uku, shi ma soja. An tura su Laberiya, can ya haɗu da mamata, Gladys, wadda yaƙin ƙasarsu ya cinye iyayenta da yayanta. A coci aka ɗaura musu aure a can, ya zo da ita Zuru ba ta jin ko sannu. Ni aka fara haifa, sai ƙanwata Magdalene. Mama ta koyi tuƙa tuwon dawa, ta koyi riƙe fartanya, ta buɗe ɗan teburin manja da garin rogo a kasuwa. Duk da haka sunanta a unguwa 'yar Laberiya. Na taɓa jin wata mata a bakin famfo tana cewa mutanen ƙasarsu Mama sun ci naman mutane lokacin yaƙi, a yi hankali da miyarta. Ina da shekara bakwai a lokacin, ban gaya wa kowa ba.

A ƙarshen shekarar 2014 aka kashe babana a Borno. Can aka binne shi, akwatin kayansa kawai ya zo gida.

A danginmu, idan mutum ya mutu ya bar mata da yara, matar ke ci gaba da noma gonarsa ta ciyar da su. Haka aka yi wa Goggo Saloma, matar ƙanen Baba Sila, babu wanda ya ce uffan. Gonar babana tana kan hanyar Manga, ita muke ci. Amma da 'yan makoki suka watse, aka yi taron gida bayan Kirsimeti, sai Baba Philemon ya miƙe. Shi ne wan babana, shugaban wata makarantar firamare, kuma ba mugun mutum ba ne, ina so a san wannan. Ya ce gonar ta dawo hannun dangi.

"Saloma an yi mata golmo," in ji shi. "Mun san ubanta, mun san ƙofar gidansu. Wannan fa? Francis ya ɗauko ta kamar yadda soja ke ɗauko rediyo daga waje. Gobe ta sayar da gonar ta hau mota, wa za mu je mu tambaya?"

Mama tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, tana jin komai, domin zuwa lokacin Hausarta ta nuna.

Baba Sila ya ce, "Hedimasta, kai naka golmon damina nawa ka yi?"

"Baba, ba wannan maganar ake yi ba."

"Biyu. Sauran ka cike da buhunan taki. Har yau surukinka in ya gan ni sai ya yi dariya."

Mutane suka yi dariya, amma dariyar ba ta canza komai ba, don yawancin mazan gidan suna bayan Baba Philemon. Aka tashi ba a yanke magana ba.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina shara a tsakar gida, Baba Philemon ya shigo da takardu a hannu. Shi ne sakataren wata ƙungiyar ci gaban ƙasarmu, kullum cikin rubuta koke yake a kan yadda ake mayar da mutanen Zuru baya wajen rabon muƙamai da ayyuka. Baba Sila yana gyara ƙotar garma a gindin mangwaro.

"Wannan takardar taka me take cewa yau?"

"Abin da ka sani, Baba. Ana yi mana kallon bare a jiharmu."

"To. Kai kuma ka dawo gida ka sami wadda za ka yi wa."

Baba Philemon ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Baba, kada ka haɗa abin da bai haɗu ba. Abin da Bature ya yi wa baƙar fata, wariya ce, don duniya a hannunsa take. Abin da manyan ƙabilu ke yi mana, wariya ce, don gwamnati a hannunsu take, su hana ka hanya, su hana ɗanka aiki. Mu me muke da shi? Mu 'yan kaɗan ne. In ba mu riƙe ƙasarmu ba, shekara hamsin nan gaba babu mai jin yarenmu na C'lela. Wannan tsare gida ne."

Baba Sila ya buga ƙotar da dutse.

"Ban ce girmansu ɗaya ba," in ji shi. "Baturen nan yana da jirgin sama, ni ko kofin ba nawa ba ne. Amma Gladys ba a Labanan take zaune ba, ba kuma a Birnin Kebbi ba. A tsakar gidan nan take zaune da marayu biyu. A nan mu ne masu jirgin."

"Al'ada ce, Baba. Ba ni na ƙirƙiro ta ba."

"To a yi al'adar. Ka ce ba a yi mata golmo ba. Za a yi."

"Wa zai yi? Francis yana kabari."

"Ubansa yana nan."

Baba Philemon ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce idan har aka cika damina bakwai, shi ba shi da sauran magana a kan gonar, kuma kafin nan Mama ta ci gaba da nomanta. A ransa ya ɗauka tsohon da ya haura sittin da biyar ba zai wuce damina ɗaya ba. Ya ƙara da cewa, "Sai dai ban san gonar wa za ka je ba, tun da ba ta da uba."

Wannan ita ce matsalar. Da yamma Baba Sila ya kira Mama, ya ce ta faɗa masa wanda take kira uba a garin nan. Ya gaya mini daga baya cewa ya riga ya shirya zuwa gonar fasto, har ya fara tunanin yadda zai yi da ciyawar da ta cinye ta.

Mama ta ce, "Malam Lawwali."

Malam Lawwali mutumin Argungu ne, mai sayar da hatsi, rumfarsa tana maƙwabtaka da teburin Mama. Ya fi shekara talatin a Zuru. Shi ya koya mata ƙirga da Hausa, shi ya nuna mata yadda ake gane mai son cutar baƙo a awo, shi yake tsare mata teburi idan ɗayanmu ba lafiya. Da labarin babana ya zo, kwana uku bai buɗe rumfa ba.

Baba Sila ya ce, "Ba fasto ba?"

"Fasto yana da kirki, Baba. Amma ka ce wanda nake kira uba."

Kwana uku Baba Sila yana fita da safe ya dawo da rana, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Mama ta yi ta kuka a ɗaki tana cewa ta ɓata komai da bakinta, don ta san labarin kwanon Sakkwato kamar yadda kowa ya sani. Har ta je ta ce masa ta janye, a je wurin fasto. Ya ce mata, "Uba ba riga ba ne da za ki canza don ban so kalarsa ba. Ki bar ni da kaina, ni nake faɗa da ni."

Rana ta huɗu ya sa babbar rigarsa, ya ce Mama ta raka shi kasuwa. Ita ta ba ni labarin yadda aka yi.

Da Malam Lawwali ya gane abin da ake nufi, sai ya ajiye tiyar awo. "Sajan, mi kaka cewa? Kai da ka girme ni ka duƙa cikin gonata? Mutane su ce mi?"

"Su ce ka yi suruki."

"Ai ɗiyar an daɗe da kai ta, har da jikoki biyu."

"Shi ya sa na ce maka mun makara. Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

Malam Lawwali ya dubi Mama, ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Ɗiyata ce, wanga ba gardama. Amma da sharaɗi. Na ji 'yan golmo ba su aiki sai da burkutu. Gonata ba a shan giya."

"Likita ya riga ka," in ji Baba Sila. "Ka dama kunu da yawa."

Da ruwa ya sauka a 2015, ya sa tsofaffin takalmansa na soja, ya saɓa garma, ya tafi shi kaɗai. Gonar Malam Lawwali tana bakin hanya, don haka duk mai wucewa a babur sai ya rage gudu. Mata masu zuwa itace suka tsaya suna tsokanarsa: "Ango, ina amaryar?" Ya ce, "Tana kasuwa tana sayar da manja, ku je ku yi ciniki." Da rana ta take aka kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa. Baba Sila ya gaya mini cewa ya wanke hannu yana kallon kwanon ta gefen ido. Malam Lawwali ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya yi bisimilla, ya sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Akwai abin da Baba Sila bai taɓa sani ba, ni ma sai bayan rasuwarsa na ji daga Asama'u, 'yar Malam Lawwali, wadda ta zama ƙawata. Ta ce ran nan mamarta a wani kwano dabam ta zuba tuwon, wanda suke ba 'yan ƙwadagon da ba Musulmi ba. Malam Lawwali ya gani a zaure, ya juye tuwon cikin nasa kwanon, ya ɗauki wancan ya rataye a turken awaki ya ce daga yau na dusa ne. Asama'u ta ce kwanon ya fi shekara goma a gidan, kuma babanta bai taɓa ganin laifinsa ba sai ranar.

Kowace damina Baba Sila yana zuwa noman fari, da maimai, da girbi. A damina ta biyu wasu tsofaffin sojoji biyu suka bi shi, Kofur Ɗanjuma da wani abokinsa, suka ce golmo ba a yinsa mutum ɗaya, abin kunya ne ga tsara. Sukan ɗauko waƙar golmo da ƙarfi, kafin a kai ƙarshen kunya numfashi ya ƙare, sai a ji garma kawai. Abin da saurayi ɗaya zai gama kafin azahar su uku sukan yini a kai. Amma kunyar da Baba Sila ya ja miƙaƙƙiya ce, har mutane na tsayawa kallo.

Ba kowa ya ji daɗi ba. A coci wasu suka ce ya koma al'adun da aka bari. Wasu dattawa suka ce ya zubar da mutuncin Lelna, tsohon sajan guda yana yi wa Bahaushe bauta. A wajen Malam Lawwali ma akwai masu cewa me ya haɗa shi da 'yar Kirista. Da rashin tsaro ya yi tsanani ta wajen Ribah, mutane suka fara yi wa juna kallon zargi, wani ya tare Baba Sila a hanya ya ce ya daina zuwa. Ya ce masa saura damina biyu, in an gama sai su zauna su yi shawara.

Duk shekarun nan Mama tana noma gonar babana, muna ci, muna zuwa makaranta. Kuma wani abu ya canza wanda ba a yi shawararsa a taro ba. Idan aka yi rasuwa ko suna a gidan Malam Lawwali, sai a aiko wa Mama kamar yadda ake aika wa 'yar gida. Idan wani ya tambayi daga ina take, yara a unguwa sukan ce 'yar gidan Malam Lawwali ce.

Baba Sila ya yi damina shida. A watan Janairun 2021 ɓarin jikinsa ya shanye, a Fabrairu ya rasu. Ana saura kwana biyu, da rana, ina ba shi koko a cokali, ya ce in kira Mama. Bakinsa ya karkace, sai an kasa kunne. Ya ce, "Ki gaya wa babanki kada ya yafe ɗayar. In ya yafe za a ce tausayi ne."

Ashe ya san mutuminsa. Ranar da aka yi jana'iza Malam Lawwali ya ja Mama gefe ya ce shi uban ɗiya ne, yana da ikon cewa ya gamsu da shida. Ta faɗa masa saƙon. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Wanga tsoho, ko ya mutu sai ya ba ni oda."

Shida ba bakwai ba ce, kowa ya sani. Baba Philemon bai tayar da maganar gonar ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mama ta fara neman ɗakin haya kusa da kasuwa a ɓoye, ta hana ni taɓa irin dawar da muka ajiye, ta ce mu ga abin da Allah zai yi tukuna. Da hadari ya fara haɗuwa, Kofur Ɗanjuma ya zo gidan ya sami Baba Philemon. Ya ce su biyu za su je, amma su ba jinin Francis ba ne, kuma golmon da babu ɗan gida a gaba aikin gayya ne kawai. Baba Philemon ya ce bayansa na ciwo. Kofur ya ce, "Na uban naka ma yana yi," ya tashi ya tafi.

Ranar noman fari ni da Mama muka ɗauki kunu muka nufi gonar, don ko tsofaffin nan biyu su sami abin sha. Daga nesa muka hango babura uku a gindin ɗorawa. 'Ya'yan Baba Philemon maza uku, dukansu magidanta, suna cikin gona. Shi kuma yana gaba da wandon zuwa makaranta, ya naɗe ƙafafunsa, riƙe da garmar Baba Sila. Kunya ɗaya ya ja, ita ma a karkace, ya koma inuwa yana haki.

Malam Lawwali ya ce, "Hedimasta, wanga layi naka, da ɗalibi ya ja shi da ka zane shi."

"Malam, ka samu ma an zo."

Da Mama ta durƙusa ta gaishe shi ta miƙa masa kunu, ya karɓa ya ce, "Ba ra'ayi na canza ba. Ubana ya bar aiki ba a gama ba, shi ke nan."

Ta ce, "Na gode, Baba."

Sun zo maimai, sun zo girbi. Bayan an kai dawar Malam Lawwali gida, wata Asabar da safe Baba Philemon ya aiko a kira Mama, ni ma na bi su. Muka zagaya gonar babana yana nuna mata iyaka, daga gidan tururuwar nan zuwa kukar can, yana kafa dutse a inda alama ta ɓace. Da muka iso ɗan yankin fadama na bakin rafi, inda babana ke shuka shinkafa, sai ya kafa dutsen ta ciki, ya bar fadamar a ɓangaren tasa gonar da ke maƙwabtaka da tamu. Na buɗe baki, Mama ta matse mini hannu. A hanyar gida ta ce tsoho ya yi damina shida don mu zauna lafiya, ba za ta ɓata shi a kan shinkafa ba.

Har yau Baba Philemon yana rubuta takardunsa, wani lokaci ni nake karanta masa su don idonsa ya yi rauni, kuma da yawa daga abin da ke ciki gaskiya ne. Har yau kuma yana cewa abin da ya so yi wa Mama ba wariya ba ce. Ba na gardama da shi. Ni dai na san da an bi tasa, da a ɗakin haya na girma, ko a wata ƙasar da ban san kowa ba.

Ina gode wa Allah da ya ba ni Baba Sila, ina gode wa Malam Lawwali da Kofur Ɗanjuma da abokinsa, har da Baba Philemon da kunyarsa ɗaya. Gonar tana hannun Mama. Bana ma dawa muka shuka, ni da ita da Magdalene, kuma ta yi kyau.